Yadda na sa hoton kyanwata ya fito tas, abin da ke bayanta ya dusashe

Duk hoton kyanwata da na ɗauka, kujera da bangon bayanta sun fi fuskarta fitowa. Na buɗe ƙofar hasken kyamara zuwa f/2.8 (ƙaramar lamba na nufin ƙofa mai faɗi, wadda ke dusashe abin da ke baya), amma abin da ya fi aiki shi ne tazara. Na janye ta daga bango kamar mita 3, na matso kusa da ita da gilashin kyamara na 50mm, na durƙusa daidai tsayinta, na saita kyamarar a kan idon da ya fi kusa da ni. Saurin ɗauka kuwa 1/500 na daƙiƙa, tunda kyanwa ba ta zama wuri guda. Yanzu gashin bakinta ɗaya-ɗaya ake gani, abin da ke bayanta kuwa ya narke. Kare mai dogon hanci kuwa f/4, wato ƙofar da aka ɗan rage, ya fi masa, don hanci da ido su fito tare.