Gwangwani biyu sun isa a koya wa yaro ciniki

Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai.

In kuna koya wa yara sana'a, ku kasa su biyar-biyar. Ku ba kowane rukuni sidi 20 da gwangwanin madara biyu, ɗaya na uwar kuɗi, ɗaya na riba.

Ni a Aboabo, cikin Kumasi a Ghana, nake koyar da 'yan JHS 1, wato ajin farko na ƙaramar sakandare. Yarana sun saro gyaɗa a kasuwar Kejetia, suka ƙulla a leda, suna sayarwa lokacin hutun cin abinci.

Kafin a tashi, sai sidi 20 ɗin nan ta koma gwangwaninta tukuna. Kuɗin leda da na trotro (motar haya) ma a cire. Abin da ya saura shi ne riba.

Wata yarinya ta ƙirga sau uku, ta ɗago kai ta ce, "Malam, ashe sidi 4 kawai muka samu?" Da can ta ɗauka duk cinikin nasu ne. Wallahi abin da ke karya masu tebur da yawa a zangonmu ke nan, suna cin uwar kuɗi ba su sani ba. Yaron da ya ƙirga da hannunsa ba ya mantawa.

Amma ku hana iyaye saye kayan kaf don tausayi, yaro ba zai koyi neman mai saye ba.

Ku guji sayar da sobolo (zoɓo) da ƙanƙara. Wuta ta ɗauke mana rana ɗaya, jarin rukuni guda ya narke.

'Yan JHS 3 kuwa ku ƙyale su in BECE, jarrabawar kammala JHS, ta matso. Kuma ku nemi izinin shugaban makaranta kafin ku fara.