Yadda ake raba intanet ɗin gida: zaure daban, cikin gida daban

Wani maƙwabcina a Bolari yana da shagon POS da cajin waya a ƙofar gida, kuma rauta ɗaya ce, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, ke ba shagon da iyalinsa intanet. Duk wanda ya roƙi lambar sirri sai ya ba shi, don mutumin ba ya iya cewa a'a. Ran nan wani yaro ya miƙo masa waya, sai ga tsakar gidansa a ciki, ana shanya. Ashe kyamarar tsaron gidan tana kan layi ɗaya da wayoyin kwastomomi, kuma ba a taɓa sauya lambar sirrin da ta zo da ita daga kamfani ba.

Gyaran da muka yi masa tsarin gidan Bahaushe ne. Baƙo ya tsaya a zaure, mai gida ya fito ya same shi, amma baƙon ba ya kutsawa ciki.

Kowace na'ura da ta hau layi tana samun adireshi, misali 192.168.1.23. A yawancin gidaje lambobi uku na farko su ne unguwa, ta ƙarshe ita ce lambar gida. Abin da 255.255.255.0 da kake gani a saitin rauta ke nufi ke nan, kuma unguwa irin wannan tana ɗaukar na'urori 254. 'Yan unguwa ɗaya suna magana da juna kai tsaye ba mai tare su. Wannan unguwar ita masana ke kira sabnet, kuma aikinmu shi ne kafa ta biyu.

Hanya mafi sauƙi ita ce rauta biyu da wayar intanet guda, wato kebul ɗin da zai haɗa su. Sharaɗin kawai shi ne rautarka ta yanzu tana da ramin LAN a bayanta, wato inda ake soka kebul ɗin na'urorin cikin gida. Ƙaramar MiFi ta aljihu ba za ta yi ba.

Fara da tsohuwar rautar, ita za ta zama zaure. Juya ta ka karanta adireshinta a takardar da ke manne a ƙasa, ka rubuta shi a burauza, ka shiga. Sauya lambar sirrin shiga saitin nan take, domin duk wanda ke zaure yana iya buɗe wannan shafin.

Sabuwar kuwa, kada ka haɗa ta da tsohuwar tukuna. Kunna ta ita kaɗai, ka hau ta da kwamfuta ko waya, ka nemi inda aka rubuta LAN. Sauya adireshinta zuwa 192.168.20.1, ka bar 255.255.255.0 yadda yake. Za ta mutu ta taso, sai ka sake shiga da sabon adireshin. Lamba ta uku ce abin lura: dole ta bambanta da ta tsohuwar, in ba haka ba rautar za ta rasa gane ciki da waje. Na zaɓi 20 ne don na kauce wa lambobin da kamfanoni suka saba amfani da su, wato 0 da 1, da 8 da ake yawan gani a na'urorin Huawei. Mai Starlink ya guji 100, don farantin kansa yana zaune ne a 192.168.100.1.

Daga nan sai DHCP, mai raba wa na'urori adireshi. Ka ce ya riƙa bayarwa daga 192.168.20.100 zuwa 192.168.20.200. Lambobin da ke ƙasa da 100 ka ajiye wa firinta da na'urar naɗar kyamara, ka kafa wa kowacce tata. Wanda ya san yadda ake ɗauke wuta a dawo da ita sau uku kafin la'asar ya san amfanin wannan, don ba za ka tashi kana laluben inda firinta ta koma ba.

Yanzu ka saita WAN ɗinta, wato ƙofar da intanet ke shigo mata, a kan Dynamic IP don ta karɓi adireshi daga tsohuwar, ka ɗauko wayar daga ramin LAN na tsohuwar ka soka a ramin WAN na sabuwar, wanda galibi launinsa daban ne. A nan mutane ke ɓata aikin. In ka soka a LAN, ko ka mai da rautar Access Point, wato mai faɗaɗa layin tsohuwar kawai, ka rushe katangar, gida da zaure sun koma fili ɗaya.

Ka ba kowane Wi-Fi sunansa da lambar sirrinsa, da kariyar WPA2 ko WPA3. In rautocin suna kusa da juna, sa ɗaya a tasha (Channel) ta 1, ɗayar a ta 11, don kada su riƙa danne juna.

Sai rabon mazauni, kuma na sha ganin an yi shi a juye. Mutum ya sayi sabuwar rauta ya ce ta baƙi ce, ya bar kayansa a tsohuwar. Wanda ke bayan rauta ta biyu yana ganin duk abin da ke kan ta farko, na farko ne ba ya ganin na biyu. Saboda haka kwastomomi da 'yan haya da abokan yara su zauna a tsohuwar. Kyamara, kwamfutar lissafin shago da wayoyin iyali su koma sabuwar.

Gwada da kanka. Hau layin zaure ka rubuta 192.168.20.1 a burauza. In shafin ya buɗe, katangar ba ta tsaya ba.

Tsarin yana da ɗan cikas: wasu wasannin intanet da duk abin da ke buƙatar a shigo masa daga waje sukan yi gardama, tunda ƙofa biyu za a wuce. Mai son sashe uku ko huɗu kuma gara ya nemi rautar kamfanin MikroTik ko mai manhajar OpenWrt ya yi VLAN, wato raba rauta ɗaya zuwa unguwanni da dama. Sai dai a can raba lambobi kaɗai ba ya hana komai, rautar tana iya ci gaba da sada sassan har sai ka rubuta dokar hanawa a Firewall, mai gadin rautar, da hannunka.