Idan tsohon babur yana yoyon baƙin mai

Kafin a kwance komai, a wanke injin da kananzir, a bar shi ya bushe, a barbaɗa masa hoda, sannan a tayar da shi, domin mai yakan gangaro daga sama, kuma inda yake ɗiga ba lallai ne nan yake fitowa ba. Inda hodar ta fara jiƙewa, nan matsalar take. Sau da yawa washar notin juye mai ce ta lalace, ko kuma gaskit ɗin murfin bawul, wato abin da ke toshe tsakanin murfin saman injin da jikinsa, ya bushe. A canza su kawai, kada a ƙara matse noti da ƙarfi, domin alminiyom ɗin jikin injin ba ya jure hakan. A kuma duba ma'aunin mai, saboda man da ya wuce kima yakan tsiyayo.