Bandikut biyu masu suna ɗaya: kurakuran da aka fi yi wajen bambance su

Ruɗanin ya faro ne daga suna. A harshen Telugu na kudancin Indiya akwai wani ƙaton ɓera da ake kira pandikokku, wato ɓera-alade, sunan da Turawa suka mayar bandikut. Da Turawa suka isa Ostareliya suka ga wata dabba mai dogon baki, sai suka laƙaba mata sunan. Shi ya sa yau ake da bandikut biyu, kuma babu abin da ya haɗa su sai kamar fuska.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar na Ostareliya da Niu Gini a matsayin ɓera. Ba ɓera ba ne ko kaɗan. Dangin kangaru ne, masu renon 'ya'ya a jakar ciki. Kakanninsa sun rabu da na ɓeraye kimanin shekaru miliyan 160 da suka wuce, har ma ɗan Adam ya fi shi kusanci da ɓera. Gyaran mai sauƙi ne: a duba baki. Ɓeran Indiya yana da manyan haƙoran gaba biyu a sama, biyu a ƙasa, waɗanda ba sa daina tsiro, dole ya yi ta gwaguya. Mai jakar kuwa ƙananan haƙora ne jere a gaban bakinsa, masu tsini, na cin ƙwari da tsutsa. A ƙafarsa ta baya yatsu biyu a manne suke, da su yake taje gashinsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne haihuwarsa. Macen bandikut mai ruwan ƙasa na arewacin Ostareliya kwana 12 da rabi kacal take yi da ciki. Jaririn yakan fito tsirara, makaho, bai fi ƙwayar wake ba, ya rarrafa ya shige jaka ya kama nono. Bakin jakar baya yake kallo, don kada ƙasa ta cika ta idan uwar tana tono.

Wasu kuma suna zaton wuri ɗaya suke zama. Ɓeran yana gonakin shinkafa da alkama da rumbuna a Indiya da Bangaladash, yana tara hatsi a rami. Mai jakar yana daji da ciyayi, ya yi sheƙa da busasshen ganye, da dare ya fito yana haƙa ƙananan ramuka masu sa ƙasa ta sha ruwa.

Kuskuren da ke yi mini ciwo shi ne na kariya. Wanda ya ɗauka duk ɓera ne zai ce ai sun yi yawa. Na Indiyan ne ya yi yawa. A Ostareliya, kyanwa da yanyawar da Turawa suka shigo da su sun yi wa masu jakar mummunar ɓarna, har wasu nau'o'in sun ƙare ƙurmus, kamar mai ƙafar alade da na hamada.

Kada kuma a zarce a ce ɓera ba ya buƙatar kariya. Ostareliya tana da ɓerayenta na asali. Ɗaya daga cikinsu, wanda ke rayuwa a ɗan tsibirin Bramble Cay kaɗai, ruwan teku ya yi ta malale wurin zamansa, kuma a 2019 gwamnatin ƙasar ta sanar cewa ya ƙare.