Darasi na Tara: Sayen Abinci ta Waya

A da yaro ake ba kwano a aike shi gidan mai abinci. Yanzu a manyan birane waya ake latsawa, mai babur ya kawo har ƙofar gida. Manhajar Chowdeck, wadda aka kafa a Legas a 2021, tana wannan aiki a garuruwa irin su Legas da Abuja da Ibadan. Akwai kuma Glovo, ta wani kamfanin ƙasar Sifaniya. Jumia Food da Bolt Food sun bar harkar a Nijeriya a ƙarshen 2023, kada ku wahalar da kanku wajen neman su. A Kano da Kaduna kuwa, masu abinci da yawa ta WhatsApp suke karɓar oda.

Kafin ku biya, ku karanta lissafin har ƙasa. Kuɗin da ke gefen hoton shinkafa ba shi ke nan ba. Za a ɗora kuɗin kaiwa da na hidima, wani lokacin har da na mazubi. Jimillar da ke can ƙasa ita za ta fita daga asusunku.

Sai kwatance, kuma a nan rigima ta fi yawa. Unguwanninmu da dama ba lambar gida, ba sunan layi a rubuce. In kuka rubuta “kusa da masallaci” kawai, wane masallacin? Mai babur zai yi ta zagaye, miya ta huce, tuwo ya sandare, ya iso ku tare shi da faɗa. Ku ambaci unguwa, da wani sanannen wuri, da launin ƙofa. Misali: “Bayan makarantar firamare, layi na biyu, gida mai koren ƙyaure.” Wayar ma ta zauna a hannu, don lalle zai kira.

Bayan an kawo, manhaja za ta nuna taurari biyar ta ce ku zaɓa. Biyar na nufin kun gamsu sosai, ɗaya na nufin an ɓata muku rai. Da su wani mai saye zai yanke shawara gobe, saboda haka a yi adalci. Gishiri in ya yi yawa, laifin mai girki ne, bai kamata a huce a kan mai babur da ya sha rana ba.

In abin da ya zo ba shi kuka nema ba, ku ɗauki hotonsa kafin ku taɓa, ku tura wa sashen ƙorafi na manhajar nan take. Idan an ƙi sauraronku, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar koke. Duk wanda ya kira ya nemi lambar sirrin katinku wai zai mayar muku da kuɗi, ɗan damfara ne.

Aiki: Kowa ya rubuta kwatancen gidansa cikin jimla biyu, ya karanta wa na kusa da shi. Shin zai iya zuwa ba tare da ya yi tambaya a hanya ba?