Yadda Za Ka Zaɓi Wilin Gasa Na Farko Don Tseren Keke Na Tirayatlon

Ɗan ƙanwata da ke zaune a nan Jidda ya gama gasar tirayatlon ta biyu a rayuwarsa, wato gasar da ake haɗa ninƙaya da tseren keke da gudu a jere, sai ya zo mini da hoton wani wili na kabon (wani abu mai ƙarfi marar nauyi da ake ƙera kayan keke da shi) a wayarsa, mai zurfin baki milimita 80, yana cewa, "Kawu, wannan nake tara wa kuɗi." Na ce masa ya dakata tukuna, domin ni ma irinsa na fara saya, kuma sai da na sha wuya kafin na fahimci cewa wilin da ya dace da mafari shi ne wanda zai iya riƙewa cikin iska ba tare da fargaba ba.

Ka fara sanin abin da kake saya da kuɗinka. A gasa mai nisan Olamfik ana tuƙa kilomita 40, a Ironman 70.3 kuwa, irin wadda ake yi a Baharen, kilomita 90 ne. A shimfiɗaɗɗiyar hanya, da zarar gudunka ya haura kilomita 30 a awa, mafi yawan ƙarfin ƙafarka yana tafiya ne wajen keta iska, kuma jikinka ne ke tare kaso mafi girma na iskar. Saboda haka, idan ba ka riga ka gyara zamanka a kan sirdi ba, ba ka da sandunan jingina gwiwar hannu, ba ka da hular kwano mai sulɓi da tayoyi masu kyau, to waɗannan ka fara da su, domin sun fi araha nesa ba kusa ba. Wili yana zuwa ne bayansu.

Babban abin dubawa shi ne zurfin bakin wilin, wato faɗin kabon ɗin daga taya zuwa inda wayoyi suka fara. Mai milimita 30 zuwa 40 ba shi da nauyi, yana da daɗin hawan tudu. Mai 50 zuwa 65, kamar wilin Zipp 404 da ke da 58, shi ne matsakaici. Mai 80 zuwa sama ya fi keta iska idan ta zo ta gaba, amma idan ta bugo ta gefe sai ya zama tamkar faifai a hannun yaro. Matsalar a wilin gaba take, domin shi ne ke juyawa da kan keke; na baya a kafe yake cikin firam, ga nauyin mahayi a kansa, don haka bai cika damun mutum ba.

Duk wanda ke atisaye a bakin tekun Jidda ya san iskar arewa maso yamma da ke ƙaruwa idan rana ta ɗaga. Wata ranar Juma'a a hanyar Ubhur, ina kwance a kan sanduna da wilina mai 80, wata babbar mota ta wuce ni daidai inda katanga ta ƙare, iskar teku ta bugi wilin gaba, sai ga ni na kauce kusan taku biyu zuwa gefen titi, alhali yatsuna suna nesa da birki. Ban faɗi ba, alhamdu lillahi, amma sauran tafiyar a miƙe na yi ta, hannuwana a kan birki, ƙirjina yana tare iska. A nan asarar take: mahayin da tsoro ya tayar da shi daga sanduna ya zubar da fiye da abin da wilin ya ƙara masa. Ko a gasar duniya ta Ironman da ake yi a Kona ta Hawayi, an hana rufaffen wilin baya, wato marar wayoyi, saboda ƙarfin iskar gefe. Shawarata ga mafari ita ce milimita 50 zuwa 60 a gaba, a baya kuma daidai da shi ko mai ɗan fin zurfi. Wanda jikinsa ba shi da nauyi, kamar yawancin samarinmu da 'yan matanmu, ya tsaya kusa da 50.

Batun nauyin wili kada ya ɗauke maka hankali. Hanyoyin gasa a gaɓar Bahar Maliya da yankin Gulf kusan duk shimfiɗaɗɗu ne, bambancin giram ɗari ko ɗari biyu ba zai bayyana a agogo ba.

Kafin ka biya ko riyal ɗaya, durƙusa gaban kekenka ka duba abubuwa uku. Na farko birki: mai kama bakin wili ne ko mai faifai, domin wilin ɗaya ba ya shiga ɗayan. Sai ƙarfen da ke ratsa tsakiyar wili, wanda a kekuna masu birkin faifai yawanci milimita 12 ne kaurinsa, da tazarar 100 a gaba da 142 a baya, tsofaffin kekuna kuwa suna da siririn sanda mai maƙulli, 100 da 130. Na uku shi ne mazaunin haƙoran giya a wilin baya, domin na kamfanin Shimano daban yake da samfurin XDR na kamfanin SRAM mai giya 12, na kamfanin Campagnolo ma daban. Ɗauki hoton waɗannan wurare ka nuna wa makaniken keke, ya fi ka dogara da abin da ka tuna.

Idan birkinka mai kama baki ne, ka yi hattara da zafi. Kabon ba ya fitar da zafi kamar alminiyam, kuma doguwar gangara irin ta Hada, daga Ɗa'if zuwa ɓangaren Makka, tana iya ɗumama bakin har ƙaron da ya haɗa kabon ya yi laushi. Dole ne ka sa robar birki ta musamman ta kabon, ko ka nemi wili mai zurfi wanda aka yi wa layin birki da alminiyam.

A wajen taya, ka bar wadda ake mannawa da gam, domin idan ta yi faci a tsakiyar gasa sai ƙwararre. Ka zaɓi wilin da ke karɓar taya mai tub da marar tub duka, tayar kuma mai faɗin milimita 25 ko 28. Marar tub tana da ruwan da ke toshe ƙananan huda da kansa, sai dai zafin ƙasar nan yana busar da shi da wuri, don haka ka riƙa dubawa duk wata biyu. Wasu sababbin wiloli ba su da ƙugiya a cikin baki. Irin waɗannan ba a wuce 5 a ma'aunin iska na bar wajen hura musu iska, wato kusan 72 a ma'aunin PSI, kuma tayoyin da kamfanin ya amince da su kaɗai ake sa musu. Kada ka bar keke da cikakkiyar iska a cikin mota a rana tsaka. Tub ɗin ajiya kuma ya kasance mai dogon bawul, kamar milimita 80 ga wili mai 60, in ba haka ba bakin famfo ba zai kama shi ba.

Wili na hannu ba laifi ba ne, ana samunsu a Haraj, kasuwar kayan hannu, da wajen abokan atisaye, kuma ga mai tara kuɗi da guminsa sau da yawa shi ya fi. Cire tayar, ka bi bakin da yatsa a cikin haske kana neman tsaga ko kumburi, ka juya wilin ka ga ko yana rangaji, ka saurari boris ko yana ƙara kamar akwai yashi a ciki. Tsaga komai ƙanƙantarta, ka bar shi.

Idan ka saya, ka hau shi aƙalla makonni uku kafin gasa, har da yammacin da iska ke kaɗawa sosai, ka kuma gwada cire taya da mayar da ita a tsakar gida sau biyu ko uku, da kayan da za ka ɗauka a ƙarƙashin sirdi ranar gasar.