Yadda Ake Kallon Lofofo, Gaɓar Cin Abinci ta Birayozowa

Lofofo wani kambi ne na siraran yatsu da ke kewaye da bakin wasu ƙananan halittun ruwa marasa ƙashin baya, kuma da shi suke tace abincinsu daga ruwa. Sunan Girkanci ne, ma'anarsa mai ɗauke da tukku. Ga wanda yake nesa da teku, hanya mafi sauƙi ta ganinsa ita ce neman birayozowa na ruwan daɗi, wato ƙananan halittu masu lofofo da ke zama a manne tare cikin rukuni, irin waɗanda masanin halittu Abraham Trembley ya yi bayaninsu a 1744.

Ka duba ƙarƙashin ganyen bado, ko jikin reshen da ya daɗe a nutse cikin tafki ta gefen inuwa. Jinsin birayozowa da ake kira Plumatella yana kama da siraran saiwoyi masu ruwan ƙasa da suka manne suna rassa, shi ya sa mutane da yawa suke ɗaukarsa datti. Ka yanko ɗan guntu, ka saka shi nan take cikin kwalba da ruwan tafkin, domin sinadarin kilorin na ruwan famfo yana iya kashe shi.

A gida ka juye shi cikin faffaɗan faranti na gilashi, ka ɗora a kan baƙin ƙyalle, ka haska fitila ta gefe, sannan ka saita madubin ƙara girma a kan ninki 20 zuwa 40. Daga nan sai haƙuri, kuma a ganina nan ne aikin yake, saboda ko girgizar tebur kaɗan tana sa halittar ta janye kambinta cikin bututun da take zaune a ciki. Idan ruwan ya natsu, za ka ga yatsun suna leƙowa a dunƙule, sannan su buɗe a hankali cikin siffar ƙarfen kofaton doki.

Domin ka ga yadda yake aiki, ka jiƙa ɗan yis, ka ɗiga ɗigo ɗaya kusa da shi. Ƙananan gasun da ke jikin kowane yatsa suna kaɗawa ba tsayawa, suna jawo ruwa zuwa tsakiyar kambin, ƙwayoyin yis suna gangarawa cikin baki, abin da bai dace ba kuma a watsar da shi. Ka lura cewa dubura tana wajen kambin, don haka kashi ba ya gauraya da abinci.

Kada fitilar ta ɗumama ruwan, kuma idan ka gama ka mayar da guntun cikin tafkin da ka ɗauko shi.